An kawo mana zanen sabon laburare: gabansa duk gilashi, babu tagar da ake buɗewa. Haka ya kamata?

Malama Rabi'atu:
Assalamu alaikum. Shawarar masu sani nake nema. Shekara 17 ke nan ina aiki a laburaren jama'a, yanzu kuma an sa ni cikin kwamitin da zai duba zanen sabon ginin da za a yi mana. Jiya aka kawo zanen. A ido ba shi da makusa: bene ne hawa biyu, gabansa duk gilashi tun daga ƙasa har sama, yana kallon yamma saboda ta nan titi yake. Babu taga ko ɗaya da ake buɗewa. Babbar na'urar sanyaya iska guda ɗaya za a ɗora a saman gini, ta riƙa tura sanyi ta bututu zuwa zauren karatu da ɗakin yara da ma'ajiyar littattafai.

Sauran 'yan kwamiti sun yaba, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Ginin da muke ciki yanzu ma da na'urori aka buɗe shi. Cikin shekara huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kuɗin gyara bai fito ba. Abin da ya cece mu shi ne tsohon ginin yana da tagogi da fankoki. Wannan sabon kuwa, ranar da na'urar ta tsaya sai dai mu kulle ƙofa mu sallami masu karatu. Na faɗi haka a zaman, aka ce mini littafi sai da sanyi, kuma ginin zamani haka yake. Da gaske ne laburare ba ya yiwuwa sai an sanyaya ko'ina? Mako biyu ya rage a sa hannu.

Sadiya mai zanen gine-gine:
Wa alaikumus salam, Malama. Damuwarki tana kan hanya. Tun kafin a zo kan na'ura, babban kuskuren yana cikin kalma biyu da kika faɗa: gilashi da yamma. Da tsakar rana, rana tana sama, 'yar rumfa a kan taga ta isa ta tare ta. Amma daga la'asar ta sauko ƙasa, tana shigowa ta gefe kai tsaye, babu rumfar da za ta iya mata. Kuma a daidai lokacin ne iskar waje ta fi zafi. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi ake shimfiɗa tsawon gini daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye masu tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun bangaye masu ƙarancin taga su ɗauki ranar safe da ta yamma. Wannan shawarar a takarda ake yanke ta, kuma ba ta ƙara ko bulo ɗaya. In an riga an zuba harsashi, shi ke nan, ginin zai yi ta biyan kuɗin wuta har ƙarshen rayuwarsa.

Injiniya Kabiru:
Bari in sa wa maganar Sadiya lissafi, don kwamiti ya fi jin lamba. Mutum a zaune yana karatu, jikinsa yana fitar da zafi kamar na wat 100. Masu karatu 100 sun ba ki kilowat 10 ke nan. To ki ɗauka gilashin nan ya kai murabba'in mita 100, kuma da yamma kowace mita tana shigar da zafin rana kamar wat 500, wanda ba abin mamaki ba ne ga gilashi fari marar kariya. Kilowat 50 ke nan. Wato bangon nan shi kaɗai ya yi daidai da a ƙara miki mutum 500 a cikin zaure. Na'urar da za a saya, yawancin ƙarfinta ba mutane za ta yi wa aiki ba, da bango za ta wuni tana kokawa.

Sai dai kada a fahimce ni kamar ina cewa a yi watsi da na'urar sanyaya ɗaki gaba ɗaya. Aikina ne, na san inda take da amfani. Abin da nake cewa shi ne a fara rage zafin da ke shiga, sannan a auna na'ura daidai da abin da ya saura.

Alhaji Garba:
Ni ina da ja. Na daɗe ina zama a irin waɗannan kwamitoci kafin in yi ritaya, kuma na ga yadda ake raina wa laburare. Banki zai yi gini mai ƙyalli da sanyi, otal haka, amma in an zo kan inda 'ya'yan talakawa za su yi karatu sai a ce fanka ta isa. Gilashin nan yana da aiki: yaro mai wucewa a titi zai hango 'yan'uwansa a zaune da littafi, sha'awa ta ja shi ciki. Kuma haske kyauta ne. Kada mu fake da tsimin wuta mu gina wa jama'a kurkuku mai duhu.

Sadiya mai zanen gine-gine:
Ranka ya daɗe, a kan darajar laburare ba mu da saɓani ko kaɗan. Inda muka rabu shi ne haske daban, zafin rana daban. Mai karatu haske mai laushi yake so, wanda ya bazu ko'ina. Ranar da ta faɗo kan farar takarda kashe ido take yi, allon kwamfuta ma ba ya ganuwa. Abin da ke faruwa a irin waɗannan gine-gine shi ne, cikin wata guda ma'aikata sun rataya labule, sun kunna fitila da rana tsaka. An yi asarar hasken, zafin kuma ya riga ya shigo tunda labulen a ciki yake.

Ba ƙananan wurare kaɗai abin ya taɓa ba. Babban laburaren ƙasar Faransa da ke Paris, wanda aka buɗe wa jama'a a 1996, hasumiyoyi huɗu ne na gilashi, a cikinsu ake ajiye littattafai. A bayan gilashin allunan katako ne aka jera don su kare littattafan daga rana. Ka dubi kuma laburaren Iskandariyya a Masar, wanda aka buɗe a 2002. Rufinsa wani ƙaton faifai ne a karkace, an tsara tagogin saman suna kallon arewa, haske na cika zauren karatu ba tare da rana ta sauka kan tebur ba, wani sashe na ginin ma a ƙarƙashin ƙasa yake. Babu wanda zai shiga can ya ce an raina masu karatu.

Alhaji Garba:
Na ji wannan, 'yata. To amma batun littattafai fa? Mu tun muna aiki aka koya mana cewa zafi yana cin takarda.

Malam Sani mai adana takardu:
Yana ci, Alhaji, ba ƙarya aka faɗa muku ba. Mu masu aikin adana tsofaffin takardu muna da ƙiyasin da muke tafiya a kai: duk sanda ka rage zafin ma'ajiya da kamar digiri 5, ka kusa ninka tsawon ran takarda. Amma tambayar ita ce, wace takarda? Littafin da ake ara, ya shiga jakar ɗalibi, ya kwana a gida, ya dawo, hannu ne ke ƙarar da shi tun kafin zafi ya yi masa wani abin kirki. Ba shi da buƙatar a sanyaya masa zaure dare da rana. Waɗanda ke buƙatar kulawa su ne rubuce-rubucen hannu, tsofaffin jaridu, hotuna, taswirori, da duk abin da in ya lalace ba a samun wani. A yawancin laburaren jama'a waɗannan ba su wuce ɗaki ɗaya ba.

Kuma ni abin da ya fi tsorata ni ba zafi ba ne, danshi ne. In danshin iska ya haura kashi 65 cikin 100 ya daɗe a haka, funfuna za ta fara, kyankyasai da sauran ƙwari su biyo baya. In ya bushe ƙwarai kuma, takarda ta yi ƙaushi, fata da gam su tsage. Tsakanin kashi 30 zuwa 50 ake nema, kuma ya tsaya a wuri ɗaya. Mafi muni shi ne hawa da sauka. Na taɓa aiki a wata ma'ajiya da ake kunna na'ura da safe a kashe da yamma. Kullum da dare iska mai laima ta shigo ta tarar da kantoci da bangaye sun yi sanyi, sai raɓa ta kwanta a kansu. Damina ɗaya muka rasa abin da ya shekara fiye da 50 lafiya lau a ɗaki marar na'ura. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Don haka, Malama Rabi'atu, ki nema wa waɗannan takardun ɗaki ƙarami a tsakiyar gini, babu taga, bango mai kauri, ƙofa mai rufewa ruf, ba a ƙarƙashin banɗaki ko tankin ruwa ba. A ba shi ƙaramar na'urarsa da ta tsotse danshi. Irin wannan ɗakin ko wuta ta ɗauke kwana biyu, a hankali yanayinsa ke sauyawa.

Malama Rabi'atu:
Malam Sani, ka buɗe mini ido. Ashe baƙi biyu ne a ginin, mutane da takardu, kuma ba abu ɗaya suke so ba. Zanen da aka kawo ya haɗa su a kwano ɗaya. Abin da ba a samun madadinsa a wurinmu bai fi kanta 12 ba.

Amma kada in yi rashin adalci ga wanda ya yi zanen. Tagogi ma suna da nasu. Lokacin ƙura kullum sai mun goge kantoci, kwamfutoci suna toshewa, ƙarar titi tana hana karatu. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ta taga ake jefa littafi waje, aboki ya tsince. Mun yi asara da yawa ta haka.

Aminu ɗalibi:
Ni ɗalibi ne, ku gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Gaskiya lokacin zafi sanyin ne ke kai yawancinmu laburare. A gida ba a iya zama, balle karatu. In aka ce babu iyakwandishan, da yawa ba za su zo ba. Kuma ba ɗalibai kaɗai ba, ina ganin tsofaffi suna zuwa su zauna da jarida har zafi ya sauka.

Injiniya Kabiru:
Aminu, maganarka ita ce ta fi nauyi a cikin duk abin da aka faɗa, kada ka nemi gafara. A birane da dama na duniya hukumomi suna ayyana laburare a matsayin mafakar jama'a lokacin tsananin zafi. Ginin da zai yi wannan aikin dole ya zama mai zaunuwa a ranar da wuta ta ɗauke, domin a irin ranakun ne layin wuta ya fi shan wahala.

Abin da zan ba da shawara shi ne ginin ya zama mai hali biyu. A watannin da iska ke da daɗi, a buɗe tagogi a kunna fanka. In zafi ya tsananta, ko ƙura ta taso, ko laima ta yi yawa, a rufe a kunna na'ura. Ko a lokacin ma fanka ta ci gaba da juyawa. Iskar da ke kaɗawa a jiki tana sa mutum ya ji kamar an rage digiri 2 zuwa 3, saboda haka zaure mai digiri 27 da fanka yana zaunuwa kamar mai 24 babu fanka. Fankar silin ta yau da kullum wat 70 ko ƙasa da haka take ci, sababbin ma rabin haka, ita kuwa na'urar sanyaya ɗaki ɗaya matsakaiciya ta haura wat 1,000.

Sai a raba ginin shiyya-shiyya. Ɗakin kwamfutoci, ɗakin taro, ɗakin yara, babban zaure, kowanne da nasa. Ɗakin taron da ake shiga sau biyu a mako ba shi da dalilin shan sanyi kwana bakwai. A laburaren jami'ar Coventry a Ingila, wanda aka buɗe a shekarar 2000, benayen karatu da iskar Allah suke numfashi: iska tana shiga ta ƙasa, ta bi ta farfajiyoyin haske da ke cikin ginin, mai zafin ta fice ta dogayen bututun da ke sama. Na'urar sanyi a ƙasan ginin aka taƙaita ta, inda kwamfutoci suke.

Habu mai gyaran iyakwandishan:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Bari mu da ake kira in abu ya lalace mu faɗi namu. Babbar na'ura guda ɗaya ga gini duka, ranar da wani ɗan allon lantarki ya ƙone a cikinta, ko'ina ya mutu. Wani lokacin kayan sai an yi odarsa daga ƙasar da aka ƙera ta, a yi wata uku ana jira, kuma sai ma'aikacin kamfanin ne zai iya buɗe ta da kwamfutarsa. In ƙanana ne guda goma, ɗaya ta tsaya, tara suna aiki, kuma kowane mai gyara ya san cikinsu.

Abu na biyu, filta. Yawancin na'urorin da ake kira na a ce sun mutu, datti ne ya shaƙe su. Filta ta toshe, iska ba ta wucewa, kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya yi ta wahala har ya ƙone. To me ya hana a wanke? An maƙala ta can sama kusa da silin mai tsawon mita shida, babu tsani, ƙarƙashinta kuma kantar littattafai. Wa zai hau? Ku roƙi mai zane ya sa kowace na'ura inda mutum zai kai hannu. Fayif ɗin da ruwan na'ura ke bi kuma kada ya ratsa ta saman littattafai, don ko ba daɗe ko ba jima sai ya toshe ya ɗiga. Injin waje a sa shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a cusa shi a lungu ba.

Injiniya Kabiru:
Malam Habu, na yarda da kai a kan gini mai wannan girman. Manyan gine-gine ƙwarai babbar na'ura ta fi musu tsimi, amma sai da injiniya a zaune kullum. Inda babu shi, ƙananan masu inbata, wato masu rage gudu ko ƙara shi daidai da buƙatar ɗaki, sun fi. Zan ƙara abu ɗaya: kada a saya wadda ta fi ƙarfin ɗaki da sunan "don kada ta gaza". Na'urar da ta yi wa ɗaki girma tana sanyaya shi cikin 'yan mintuna ta kashe kanta, ba ta yi aikin da zai ishe ta tsotse danshi ba. Sai ka sami ɗaki mai sanyi da laima, daidai abin da Malam Sani ke gudu.

A tambayi gas ɗin da ke cikinta ma. R-22 ana kan kawar da shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, sannan gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa ana rage irin su R-410A. Wani gas ɗin kuma, R-32, illarsa ga ɗumamar yanayi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na R-410A. Ginin da zai shekara 50 bai kamata ya fara da gas ɗin da ke kan hanyar fita daga kasuwa ba.

Maman Ilham:
Ni uwa ce mai kai yara laburare. In an rufe ɗakin yara ruf an kunna sanyi, na lura bayan awa ɗaya duk sun fara hamma, ɗakin kuma ya yi wari. Mene ne dalili?

Injiniya Kabiru:
Hajiya, ƙananan na'urorin nan iskar ɗakin suke juyawa, ba sa kawo sabuwa. Iskar kabon da muke fitarwa in mun yi numfashi, a waje ba ta wuce kashi 420 da 'yan kai cikin miliyan ba, amma a rufaffen ɗaki cike da yara nan da nan take haura 1,000, ta ci gaba da hawa. Maganin shi ne ƙaramar fanka mai jawo iskar waje ta cikin filta. Wannan kuma ya amsa wa Malama Rabi'atu batun ƙura: in kana tura tatacciyar iska ciki, ƙura ba ta samun hanyar kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa. A sa wa fankar abin rage gudu. Dokar fanka ita ce in ka rage gudunta da kashi 20 cikin 100, wutar da take ci tana sauka kusan rabi.

Sadiya mai zanen gine-gine:
Batun jefa littafi da ƙarar titi kuwa, zane ne ke maganinsa. A sa farfajiya a tsakiyar gini da bishiyoyi, tagogin da ake buɗewa su kalli ciki. Wanda ya jefa littafi, cikin laburare ya jefa shi. Na ɓangaren titi su zama can sama, da raga.

Ina so in dawo kan rufi, don a gini mai hawa ɗaya ko biyu shi ne ya fi shan rana. Francis Kere, ɗan Burkina Faso da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabon masu zanen gine-gine, a 2022, ya gina makarantar firamare a garinsu Gando a 2001. Bangon tubalin ƙasa ne da aka matse, silin ma na ƙasa, sai ya ɗaga rufin kwano sama da shi a kan ƙarafa, ya bar sarari a tsakani. Kwanon yana yi wa ginin laima, iska tana ratsawa ta kwashe zafin. Da ya zo kan laburaren makarantar, sai aka yanka tukwanen ƙasa aka jera su cikin kankaren rufi, suka zama ƙofofin da haske ke saukowa, iska mai zafi kuma ta fice. Ba ina cewa a kwafa haka ba. Darasin shi ne rufi biyu da iska a tsakani, ko farin fenti a sama da shimfiɗar tare zafi a ƙasa.

Alhaji Garba:
Ginin ƙasa a wannan zamanin? Gara fa? Laburare abincinta ne.

Sadiya mai zanen gine-gine:
Tsoronka daidai ne, Alhaji. Tubalin da nake nufi inji ne ke matse shi, da ɗan siminti a ciki, a ɗora shi kan harsashin kankare da ya ɗago daga ƙasa, rufi kuma ya zarto ya kare shi daga ruwa. Gara ta ƙasa take zuwa, ko ginin siminti ne tana bin tsaga. Kantocin ƙarfe, a ɗaga su daga daɓe, a janye su daga bango yadda za a ga hanyarta in ta fara. Amfanin bango mai kauri, na ƙasa ko jan bulo ko dutse, shi ne yana shanye zafin rana ya riƙe, sai dare ya sake shi. Akwai kuma wani dalili: sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Amma daɓen bene ba a yi masa rowa. Littafi yana da nauyi, ana lissafa wa wurin kantoci fiye da kilo 700 a kowace murabba'in mita.

Injiniya Kabiru:
A nan zan ɗan ja wa Sadiya birki. Bango mai kauri yana aiki ne inda dare ke yin sanyi. Ginin Eastgate na Harare a Zimbabwe, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, shi ake yawan kafa hujja da shi, har a ce daga suri aka ɗauko dabarar. Da dare fankoki suna tura iska mai sanyi ta cikin kankaren daɓe, da rana kankaren ya shanye zafin ofisoshi. Amma Harare tana kan tudu kusan mita 1,500, darenta da sanyi. A bakin teku inda dare da rana kusan ɗaya ne ga laima, bangon nan ba ya samun damar hucewa. Can gini marar nauyi, inuwa mai faɗi da iska mai ratsawa sun fi. Haka ma sanyaya iska da ruwa: a busasshen wuri tana aiki sosai da wuta kaɗan, a wuri mai laima ba ta ƙara komai sai danshi. Malama Rabi'atu, ku nemi bayanan zafi da danshin wurinku na shekara guda, awa-awa, ku tambayi mai zane ko ya duba su.

Malam Sani mai adana takardu:
Kuma duk wanda zai sa dogon bututun fitar da iska a laburare ya tuna da gobara. Abin da ke jan iska mai zafi sama, shi zai ja hayaƙi. Gobarar babban laburaren Los Angeles a 1986 ta cinye littattafai kimanin 400,000, kuma yadda aka bar sarari tsakanin hawa-hawan kantoci ya taimaka wa wutar ta haura. A sa wa bututun marufai masu rufe kansu in gobara ta tashi, ma'ajiyar takardu kuma a ware ta da bango da ƙofar da ke jure gobara.

Musa mai sola:
Ni sai yanzu zan shigo, da gangan. Mutane suna kira na su ce in sa musu sola ta ɗauki gini, in na lissafa sai in ga rufin ma ba zai ɗauki farantan ba. Murabba'in mita ɗaya ta faranti kamar wat 200 take bayarwa in rana ta buɗe sosai. Ginin gilashin nan sola ba za ta iya masa ba. Amma in an yi abin da su Injiniya suka faɗa, aka sa ƙwayayen LED, aka raba makunnin fitilun bakin taga da na tsakiya, laburare ya dace da sola ƙwarai, tunda da rana yake aiki. Batir sai a auna shi a kan abin da ba ya jira: fankoki, fitilu, intanet, da ɗakin Malam Sani. Ɗakin batir ya zama mai iska, nesa da littattafai, don zafi yana rage masa kwana. Kuma a yi matakala ta gaske zuwa rufi da famfo a can, domin farantin da ƙura ta rufe ba ya ba da abin da aka saye shi dominsa. Ruwan wankin ma rufin zai iya bayarwa: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce.

Alhaji Garba:
To, na sauka daga kan gilashin yamma, hujja ta fi ƙarfina. Amma ina nan a kan bakana cewa mai wucewa ya hango cikin laburare. Kuma Malama, daga gogewa nake faɗa miki, kuɗin gini daban, kuɗin kula da gini daban, na biyun shi ne ba ya zuwa. Ki sa a rubuta a cikin kwangila cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an gwada kowace na'ura a gabanku, an koya wa ma'aikatanku, an miƙa muku littafin kula da ita. Ki nemi a sa mita daban ga sanyi, daban ga fitilu, don ku san inda wuta ke tafiya.

Malama Rabi'atu:
Na dawo da labari. Mun zauna yau, na karanta musu lissafin Injiniya na mutum 500, ɗakin ya yi tsit. An ɗage sa hannu da wata guda. Mai zanen bai ƙi ba, ya ce shi ma abin da aka nuna masa a hoto aka ce ana so ya zana. Ya yarda da ɗakin takardu na daban da tagogi masu buɗewa. Inda muka maƙale shi ne filin: siriri ne, kuma doguwar fuskarsa ce ke kallon titi ta yamma. Ba yadda za a juya ginin. Shugaban kwamiti kuma irin ra'ayin Alhaji gare shi, yana so a gan mu daga titi.

Sadiya mai zanen gine-gine:
In ba a iya juya gini, sai a juya cikinsa. Ki ce masa ya kwashe matakala, banɗakuna, sito da ɗakin injina ya jera su a bangon yamma, su zama garkuwa, zauren karatu ya koma gabas ya kalli farfajiya. A tsakiyar fuskar yamman ya bar ƙofar shiga da gilashi mai faɗi a hawan ƙasa kaɗai, a janye shi ciki kamar mita uku ƙarƙashin baranda, a gabansa a tsayar da bangon bulo mai huji-huji ko allunan tsaye masu karkata. Mai tafiya a titi zai hango teburin karɓar baƙi da kantar sababbin littattafai. Bishiyoyin gefen titin kuma a dasa su ranar da aka fara haƙa harsashi, kada a jira bikin buɗewa.

Malam Sani mai adana takardu:
Kafin watan nan ya cika, Malama, ki samo ƙananan na'urori biyu masu rubuta zafi da danshi da kansu. Ki ajiye ɗaya a zauren da kuke ciki yanzu, ɗaya a bayan kantocin nan 12, kusa da bango, daidai tsayin gwiwa. In kin kwashe abin da suka rubuta ki turo mana, ni da Injiniya za mu duba girman na'urar da ɗakin zai buƙata.